Buhun Takalman Malam Musbahu

Malam Musbahu ba ya duban fuskar mutum idan suna gaisawa, ƙafa yake dubawa. Kana ce masa ina kwana, idonsa na kan dunduniyarka, kafin ka gama tambayarsa iyali ya riga ya san ko jiya gona ka je ko biki. Waɗanda ba su san shi ba sukan ɗauka kunya ce. Ni da na san shi tun ina 'yar firamare, lokacin da yake ɗinke mini sandal ɗin makaranta, na san babu wata kunya, sa ido ne kawai irin na mai sana'a.

Sunana Patricia, nas ce ni a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan. Shi kuwa Malam Musbahu gyaran takalma yake yi a bakin kasuwa, a ƙarƙashin barandar wani shagon yadi, kuma ya fi shekara arba'in a wannan wuri. Kakansa ne ya zo garin da fataucin fata tun zamanin da jirgin ƙasa ke da daraja. 'Yan'uwansa duk sun kama shaguna, shi kaɗai ya zaɓi akwati da basilla, har mahaifiyarsa ta yi fushi da shi na wata biyu. Ya iya gaisuwa da yaren Bajju da na Kagoro, yana gaida tsofaffi da su, su kuma suna yi masa dariya saboda yadda yake karya harshen. Ba ya jin haushi. Cewa yake yi, ai gara su yi dariya su zauna, ya samu ya ga takalmansu da kyau.

Abu ɗaya ne na san ba ya wasa da shi. Yana da wa, Jamiluddeen, wanda ya taka ƙusa a wurin gini shekarun baya. Ya cire ta, ya ɗura kananzir a wurin, ya ci gaba da harkarsa, ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Kafin a kai shi asibiti ƙafar ta ruɓe, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Ya rayu shekara shida bayan haka. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo wa Malam Musbahu takalmi da hudar ƙusa, sai ya sha tambayoyi kamar a gaban alƙali.

Guguwar da ta afka wa Ungwan Kadanya, wani ƙauye a gefen hanyar Kagoro, ta zo ne da yammacin wata Lahadi a farkon damina. Mutanen garin sun ce ba ta fi minti goma ba. Amma a cikin wannan minti goma ta yaye rufin gidaje sama da sittin, ta kayar da rumbuna, ta ɗauke rufin majami'a gaba ɗaya ta je ta kifa shi a gonar cittar mai unguwa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Sai dai an samu karaya, an samu waɗanda kwano ya yanka, kuma duk inda ka sa ƙafa a garin katako ne a zube da ƙusoshi sun yi cirko-cirko suna kallon sama.

Washegari muka isa, mu nas huɗu da Dokta Celestine, wani likita da ya ɗauki hutu daga wurin aikinsa ya zo taimako. Muka kafa rumfa a filin makaranta. Matasa suka hau rufi, 'yan agajin majami'a da na masallaci suka shiga kwashe ɓaraguzai, matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, suka ɗora tukwane. Ranar farko ba mu zauna ba: ɗauri, ɗinki, tura masu karaya asibiti. Rana ta biyu kuwa sai muka koma kallon juna. Mun zo da allurar tetanus, cutar nan da ke sarƙe wa mutum haƙora idan ƙarfe mai datti ya huda shi, har kula biyu cike da ƙanƙara. Ƙanƙarar ba za ta wuce ranar Juma'a ba, kuma mutum goma sha tara kaɗai suka zo aka yi musu.

Ba don ba mu nema ba. Gida gida muka bi. Amma ka san mutanenmu. Ka tarar da mutum tsaye a tsakar gidan da ba rufi, ka tambaye shi ko ya ji ciwo, ya ce, "Lafiya lau, mun gode Allah. Ku je wurin maƙwabcina, shi ne hannunsa ya karye." A wurinsu abin kunya ne ka tsare likita da zancen ƙusa alhali wani yana kwance da karaya. Ciwon da bai hana ka ɗaukar fartanya ba, ba a lissafa shi cikin ciwo. Na yi faɗa, na yi lallashi, har da wa'azi na yi, duk a banza.

Ranar Talata da hantsi 'yan kasuwar Kafanchan suka iso da akori-kura cike da gudummawa: masara, bandir ɗin kwano, tabarmi, gishiri. Can a saman buhuna sai ga Malam Musbahu a zaune, ya rungume akwatinsa. Ya sauko ya nufo rumfarmu kai tsaye, ya ce a ba shi wuri.

Zan faɗi gaskiya, korarsa na yi. Na gaji, raina a ɓace. Na ce, "Haba Malam! Gidajen mutane sun rushe, kai kuma ka zo da basilla da zare? Nan wurin marasa lafiya ne."

Bai ko ɗaga kai ba, takalmina yake kallo. Ya ce, "To Sista. Har yanzu dai kina cin dunduniyar dama, kamar lokacin da kike aji uku."

Ya tafi ya samu gindin wani mangwaro da iska ta bari, ya shimfiɗa buhu, ya sa aka yi shela cewa duk mai takalmin da ya lalace ya kawo, kyauta ne. To wannan kam ba abin kunya ba ne. Mutumin da ba zai kawo ƙafarsa wurin likita ba, da gudu zai kawo takalminsa wurin mai gyara. Kafin azahar takalma sun taru a gabansa tsibi guda, ni kuwa ina zaune ina korar ƙuda daga kan auduga.

Bayan ya yi sallar la'asar sai na gan shi tafe da buhu a kafaɗa. Ya zo gaban teburina ya zazzage shi. Silifa, sandal, kambas, takalman roba na zuwa gona, duk suka zubo a kan takarduna. Na miƙe zan buɗe baki, ya ɗauki wata silifa ya ɗaga ta sama, sai ga hasken rana ya ratso ta wata 'yar huda a tsakiyarta.

Ya ce, "Ga marasa lafiyarki, Sista. Wannan ta Asher ce, kafinta, ƙafar dama. Dubi tsatsa a bakin hudar. Wannan na matar mai unguwa ne, ƙusar ta shiga ta wajen babban yatsa. Wannan kuma ba ta ratsa ba, mai shi ya tsira, mayar da shi gefe. Waɗanda ta ratsa har ciki guda arba'in da uku ne."

Dokta Celestine ya taso yana duba takalman ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau ya mayar. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Kwana biyu muna tambayar bakin mutane, ashe takalmansu ya kamata mu tambaya.

Malam Musbahu ya ɗaura igiya daga mangwaronsa zuwa sandar rumfarmu, ya rataye takalman nan a jere. Ya kafa doka: duk wanda takalminsa ke kan igiya, ba zai karɓa ba sai ya nuna masa auduga a damtse da bandeji a ƙafa. Aka yi ta surutu. Asher kafinta ya ce shi aiki yake yi a kan rufi, ba shi da lokaci. Malam ya ce to ya hau da ƙafa ɗaya. Wani dattijon majami'a ya zo da murya ƙasa-ƙasa yana roƙon a ba shi nasa a ɓoye, don kada jikokinsa su ga yana tsoron allura. Malam ya gaishe shi da yarensu, ya karya harshen kamar kullum, ya kuma raka shi har gaban teburina yana riƙe da hannunsa. Kafin rana ta faɗi layi ya kai bakin rijiya, rabin mutanen suna ɗingishi da takalmi ɗaya, suna yi wa juna tsiya. Ranar Laraba waɗanda ma ba su kawo takalmi ba suka fara zuwa da kansu, tunda abin ya daina zama abin kunya ya koma abin dariya.

Zuwa safiyar Alhamis igiya ta zama fanko, sai takalmi ɗaya. Na fata ne, ruwan ƙasa, mai maɗauri a baya, ƙafar hagu. Cikin kwandon takalman matan zumunta aka kawo shi, ba a faɗi mai shi ba. Malam Musbahu ya kira ni gefe ya miƙa mini. Hudar ta ratsa ta tsakiyar tafin, cikinsa da busasshen jini, yana warin kananzir.

Ya ce, "Na Mama Keziya ne. Sau tara ina ɗinke maɗaurin nan, na san zarena."

Mama Keziya ita ce shugabar matan zumunta, ita ke ciyar da masu aiki sama da ɗari tun ranar Litinin. Kuma ni na san abin da Malam bai sani ba: shekara bakwai tana zuwa asibitinmu karɓar maganin suga. Masu wannan ciwo ƙafarsu kan mutu da jin zafi, rauni yana cin su a ciki ba su sani ba. Idan ranar Lahadi ta taka ƙusar, yau kwana huɗu ke nan. Na faɗa masa. Ya koma ya ɗauko akwatinsa, muka nufi wurin girki.

Mun same ta tsaye a kan wata ƙatuwar tukunyar gwate, ta ɗaure ƙugu da zanin zumunta, muciya a hannu, tana ba da umarni ta ko'ina. Mace ce da ta haifi takwas, ta binne miji, ta aurar da 'ya'yan wasu, kuma ban taɓa ganin wanda ya ja da ita ya yi nasara ba, har Fasto. A ƙafarta kuwa rambut ne, dogon takalmin roban nan na shiga ruwa, na marigayi mijinta, a cikin wannan rana da ba ko ɗigon ruwa.

Na ce, "Mama, ina kwana. Zan ga ƙafarki."

Ta ce, "Ƙafana yana lafiya, 'yata. Je ki duba masu ciwo."

"Mama, kin taka ƙusa."

"Wane ƙusa? Ƙaramin abu ne, na cire shi, na sa kananzir. Ko zafi ba ya yi. Yesu ya riga ya warkar." Ta juya ta harari Malam Musbahu. "Kai Malam, kai ne mai kai rahoto, ko? Na ba ka takalmi ka gyara, ban ce ka yi mani bincike ba. Riƙe shi, na bar maka. Ina da rambut."

Matan da ke yanka yakuwa suka kwashe da dariya. Na yi mata bayanin suga, na yi mata bayanin yadda rashin zafin shi ne abin tsoron. Ta saurare ni tana juya gwate, sannan ta ce idan ta zauna wa zai ciyar da yaran nan da ke kan rufi tun asuba? Ta ce ranar Asabar, idan an gama rufin majami'a, za ta zo da kanta in yi mata allura goma in ina so. Na san halinta, ta gama magana ke nan. Hawaye suka cika mini ido don haushi da tsoro, domin na san ƙafar nan ba za ta jira Asabar ba.

Malam Musbahu ya tsuguna ya buɗe akwatinsa. Ya fitar da gwangwanin gam, da guduma, da ƙullin zare, ya kai hannu can ƙasa ya ciro wani abu naɗe a tsumma. Ya warware shi a hankali ya ajiye a kan turmi, kusa da ita. Takalmi ne na maza, baƙi, ƙafar hagu, sabo fil. Ya kifa shi don ta ga ƙasansa. Ko ƙwayar yashi babu.

Ya ce, "Mama, kin san Yaya Jamilu."

Ta ce, "Na san shi. Mai sanda. Allah ya ji ƙansa."

"Wannan nasa ne. Sallar farko bayan an yanke ƙafar na saya masa. A kasuwa ba a sayar da takalmi ɗaya, sai biyu. Ya sa na dama, ya ce in san yadda zan yi da wannan. Kowace shekara haka, har shida. Sauran na bayar, wannan na kasa." Ya shafa takalmin. "Shi ma cewa ya yi ba ya zafi. Shi ma kananzir ya sa. Ni na riƙe masa kwalbar."

A karo na farko tun da na san shi, na ga Malam Musbahu ya ɗaga kai ya dubi mutum a fuska.

Ya ce, "Shekara talatin kina kawo mini takalma biyu-biyu. Ba na son ranar da za ki kawo mini ɗaya."

Mama Keziya ta daɗe tana kallon takalmin nan. Sannan ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta miƙo mini ƙafar. Da ƙyar rambut ɗin ya fita. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, ta yi ja, wurin hudar yana fitar da mugunya. Surukarta Rosemary ta ɗora hannu a ka. Ita kuwa Mama ko kallon ƙafar ba ta yi ba, tukunya take kallo.

Ta ce, "To gwaten fa? Zai kama."

Malam Musbahu ya naɗe hannun riga ya karɓi muciya. Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba ya shiga juya gwaten mutum ɗari da iyakar ƙarfinsa, yana fantsala wa kowa. Mama tana zaune ina wanke mata rauni, tana daka masa tsawa: "Daga ƙasa, Malam! Daga ƙasa! Ba gam kake damawa ba!" Matan zumunta suka yi dariya har da riƙe ciki, kafin Rosemary ta ji tausayin masu ci ta ƙwace muciyar. Haka aka ɗauki Mama zuwa mota tana ta jero wa Rosemary yawan gishirin da za a sa da wanda ba a yarda ya yi ƙari ba.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti a Kafanchan. Dokta Celestine ya faɗa mini cewa da an ƙara kwana biyu, da wata maganar ake yi. An yanke ruɓaɓɓen nama, an bar ƙafa. Malam Musbahu yana zuwa duba ta duk bayan la'asar, ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaida bandejin, ya tafi. Allurarmu kuwa ta ƙare tas tun kafin ƙanƙara ta narke.

Da kaka, bayan an gama rufe gidajen Ungwan Kadanya an fara haƙar citta, na biya ta bakin kasuwa a kan hanyata ta zuwa aiki, don dunduniyar daman nan tawa ta sake cinyewa. Ina zaune a kan bencinsa sai ga acaɓa ya tsaya. Mama Keziya ta sauko da kanta, ba sanda, ba mai riƙe ta, da ƙullin acca a hannu. Ta dire masa accar a kan akwati.

Ta ce, "Malam, ina takalmina da ka yi garkuwa da shi?"

Ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko shi. Ya toshe hudar, ya sa sabon tafi mai kauri, ya shimfiɗa laushin fata a ciki saboda tabon. Ta juya shi, ta taɓe baki, ta ce ɗinkin ya karkace kuma ya yi tsawo da yawa, yanzu zai fi ɗan'uwansa. Ta buɗe jaka ta ciro na daman ta jefa masa.

"Sai ka daidaita su. Ranar Lahadi akwai godiyar kaka a majami'a, ni zan ja mata da rawa har gaban bagade. Ba na son ina tafiya kamar agwagwa."

Malam Musbahu ya jera takalman a gabansa, hagu da dama. Ya dube su, ya dubi ƙafafunta biyu a tsaye a ƙasa, ya sake duban takalman. Na ga leɓensa yana motsi.

Mama ta ce, "Mene kake ƙirgawa kuma?"

Ya ɗauki basilla yana murmushi, ya goge ido da bayan hannu.

Ya ce, "Biyu ne, Mama. Zauna, yanzu zan gama."